DARASI A KAN KULA DA MOTA: Tiyon Zuƙar Iska a Tsohuwar Fijo

Yawancin ƙungiyoyin manoma da ke kawo amfanin gona Kaduna ta hanyar Kachia ko ta Gonin Gora ba su da sabuwar mota. Abin da ke hannun waɗansunsu tsohuwar Peugeot ce, wadda muke kira Fijo, ko dai 504 doguwa ko a-kori-kura. Ita ce ke ɗauko masara da doya da citta zuwa kasuwar Sabon Tasha, ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Irin wannan mota ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Kakuri aka soma harhaɗa Fijo a shekarar 1975, aka yi ta fitar da 504 har zuwa 2006, ko da yake a Faransa ta fara fitowa tun 1968. Watau ko autarsu ta daɗe da wuce shekara 15 a kan hanya.

Ƙarfen Fijo yana da jimiri, amma roba ba ta da shi. Darasinmu na yau a kan waɗansu 'yan robobi ne baƙaƙe da ke kewaye da kafireto, waɗanda ba ruwa ko fetur ke bi ta cikinsu ba, sai iska. Mutane suna raina su, gama ba su da tsada. Amma ɗaya daga cikinsu ita ce ke ba birki ƙarfi. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: kowane tiyo yana da mafari da matuƙa, kuma ba a toshe shi ko a sauya masa gurbi sai an san aikinsa.

DAGA INA ZUƘAR TAKE FITOWA?

Ka tuna da yadda allurar likita take jan magani. In ka toshe bakinta da yatsa ka ja, za ka ji ta kama yatsanka. Haka injin fetur yake. Sa'ad da fistin ya sauka domin shaƙa, sai ya ja iska da fetur ta cikin kafireto. A gindin kafireto akwai wani ɗan faifai da totur yake buɗewa da rufewa. In mota tana silo, faifan nan kusan a rufe yake, fistin huɗu kuwa suna ta ja. Saboda haka sai a sami zuƙa mai ƙarfi a wuyan da ke ƙarƙashin kafireto, wanda kanikawa ke kira manifol.

Masu ƙera mota ba su bar zuƙar nan ta tafi a banza ba. Sun huda 'yan kafofi, suka sa tiyo, suka kai ta wuraren da za ta yi aiki. Amma akwai sharaɗi. Injin yana bukatar iska kamar kashi 15 ga fetur kashi 1, bisa ga nauyi, kuma kafireto ne ke yin wannan awo. In tiyo ya tsage, iska za ta shiga ta bayan gida, ba ta bi ta kafireto ba. Sai awon ya lalace, iska ta yi yawa, fetur ya kasa.

TIYO UKU DA YA KAMATA KA SANI

Ka buɗe bonet da safe, injin yana da sanyi. A Fijo mai kafireto, hanyoyin zuƙa muhimmai uku ne.

Na ɗaya, tiyon birki. Shi ne mafi kauri, kamar kaurin babban yatsa, jikinsa da tauri. Yana tashi daga manifol ya tafi wata baƙar tukunya mai faɗi a gefen direba, jikin bangon da ya raba injin da mazaunin mutane. Kanikawa suna ce da ita sabo ko busta. A gabanta ne kwalbar man birki take. A kan hanyar tiyon, ko a bakin tukunyar, akwai ɗan bawul wanda ke barin iska ta fita daga tukunya zuwa injin, amma ba ya barinta ta komo. Zuƙar nan ce take taimakon ƙafarka. In babu ita birki bai mutu ba, amma zai yi tauri kamar dutse, mota mai kaya kuwa ba za ta tsaya inda ka nufa ba.

Na biyu, tiyon distirbuta, wanda waɗansu ke kira dilko. Shi ne siriri, raminsa kusan milimita 4. Yana tashi daga wata 'yar kafa a gindin kafireto ya tafi wani ɗan gwangwani mai kama da ƙaramin ƙoƙo a jikin distirbuta. A cikin gwangwanin akwai tantanin roba. In zuƙa ta ja shi, sai ya sa wutar fulogi ta tashi da ɗan wuri. Wannan yana faruwa ne sa'ad da kake tafiya a miƙaƙƙiyar hanya da totur kaɗan, kuma shi ke rage shan mai. In wannan tiyo ya cire, mota za ta yi tafiya, amma za ta sha fetur fiye da ƙima, ta yi nauyi, ta riƙa ɗaukar zafi.

Na uku, tiyon numfashin injin. Kowane injin yana tara hayaƙi da tururin baƙin mai a cikinsa. Wannan tiyo yana tashi daga wajen da ake zuba baƙin mai, ko kusa da shi, ya mai da hayaƙin cikin injin domin ya ƙone. Sau da yawa yana da reshe biyu: babba zuwa gidan matatar iska, ƙarami zuwa manifol. Za ka gane shi da maiƙon da ke cikinsa. In ya toshe, hayaƙin zai nemi mafita ta gasket, sai ka ga baƙin mai yana yoyo ko'ina. In kuwa ya tsage, to, ƙurar hunturu ta sami ƙofar shiga injin ba tare da an tace ta ba.

Kada ka rikita waɗannan da sauran robobi. Tiyon fetur yana fitowa daga famfon mai, yana warin fetur. Tiyon ruwa yana haɗe da lagireto ko jikin injin, yana zafi in mota ta yi aiki, kuma a waɗansu motoci akwai ƙananan tiyon ruwa da ke ratsawa kusa da kafireto. Hanyar ganewa ɗaya ce: ka bi tiyo da yatsa tun daga mafarinsa har matuƙarsa.

Motocin da ake shigowa da su na hannu daga Turai da Amurka suna da tiyo fiye da haka, saboda dokokin ƙasashen a kan hayaƙin mota. A waɗanda aka yi domin Amurka akan sami takarda manne a cikin bonet mai zanen hanyar kowane tiyo. In motarka tana da ita, kada ka kankare ta, kada kuma ka bar mai fenti ya shafe ta.

ALAMUN CIWO

Ga abin da za ka lura da shi in iska tana shiga ta inda bai kamata ba. Injin yana rawa a silo, ko ya mutu da ka ɗaga ƙafa a mararraba. Kana jin wani sauti kamar hucin maciji kusa da kafireto. Mota tana shaƙewa in ka taka totur. Bakin fulogi ya yi fari fat maimakon ruwan ƙasa. Birki ya yi tauri, ko kuwa silo ya canja duk sa'ad da ka taka shi.

Abin da akan yi cikin gaggawa shi ne a murɗa sukurun kafireto a ƙara silo da fetur har rawar ta ɓuya. Wannan rufe miki ne da tsumma. Ramin yana nan, mai yana ƙonewa a banza, kuma injin da ya daɗe yana aiki da ƙarancin fetur yakan ƙona bawul. Robar da ba ta kai kuɗin buhun gawayi ba sai ta jawo sauke kan injin.

YADDA ZA KA GWADA

Ka ja birkin hannu, ka fitar da giya, ka sa dutse a taya. Ka naɗe hannun riga, ka nisanci fanka da fambel.

1. Duba da hannu. Injin a kashe, ka lanƙwasa kowane tiyo, musamman bakinsa. In ya bushe ya yi tsatstsage, ko ya yi laushi kamar danƙo saboda baƙin mai, ya gama aiki. Motar da ke kwana kusa da rumbu a duba ta sosai, gama ɓera yana cin roba.

2. Saurara. Ka ta da injin. Ka sami guntun tiyo mai tsabta, ka sa baki ɗaya a kunne, ka zagaya da ɗayan kewaye da gindin kafireto da bakin kowane tiyo. Inda hucin ya yi ƙarfi, nan ramin yake.

3. Matsa. Ka naɗe bakin filaya da tsumma, ka matse tiyo mai laushi kusa da manifol. In rawar injin ta daina, to, yoyon yana gaba a kan wannan hanya. Kana iya yayyafa ɗan ruwan sabulu a inda kake zato, ka ji ko muryar injin ta canja. Kada ka yarda a yayyafa fetur. Tartsatsi ɗaya daga wayar fulogi ya isa ya cinye motar.

4. Gwajin birki. Injin a kashe, ka taka birki sau 5 ko 6 har ya yi tauri. Ka riƙe shi a take, ka ta da injin. In tukunya da tiyonta lafiya suke, za ka ji birkin ya ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka. Sa'an nan ka kashe injin, ka jira minti ɗaya ko biyu, ka sāke takawa. Ya kamata takun farko ya zo da sauƙi. In ya yi tauri nan take, bawul ɗin ko tukunyar ba ta riƙe zuƙa. In ka cire tiyon ka ga man birki a ciki, masta ce take yoyo, wannan kuwa aikin bakanike ne, yau ba gobe ba.

5. Gwajin distirbuta. Injin a kashe, ka buɗe murfin distirbuta. Ka cire siririn tiyon daga wajen kafireto, ka goge bakinsa, ka tsotsa. Za ka ga faifan da ke ciki ya ɗan juya. Ka toshe bakin da harshe: ya kamata faifan ya tsaya a nan har ka saki. In iska tana zuwa ba iyaka kamar kana shan ruwa da kara, tantanin ya yage, sai a sauya gwangwanin.

In bakanikenku yana da agogon awon zuƙa, injin mai lafiya yakan nuna inci 17 zuwa 21 a silo a bakin teku, kamar Legas, kibiyar kuma a tsaye ba ta rawa. Amma awon yana raguwa kamar inci 1 ga kowane hawan mita 300. Kaduna tana kan tudu kusan mita 600, saboda haka a rage kamar 2. A Jos a rage kamar 4. Kada a sauke injin mai lafiya domin rashin sanin wannan.

YADDA AKE SA SABO

Kafin ka cire kome, ka zana hanyar kowane tiyo a littafin motar, ko ka ɗauki hoto da waya. Ka manna 'yar takarda mai lamba a bakin tiyo da kafarsa. Ka sauya ɗaya-ɗaya, kada ka tuɓe su duka gaba ɗaya. Ka tafi da tsohon wurin masu kayan gyara, a Kakuri ko a Panteka a ƙetaren kogi, domin a ba ka daidai girmansa.

Tiyon birki tilas ya zama na ainihi, mai ƙarfin jiki. Robar ban ruwa ko ta ƙarin ruwan asibiti za ta shafe ta manne in zuƙa ta kama ta, kuma ranar da ka fi bukatar birki za ta yi haka. Ka lura da fuskar bawul: ka hura shi, iska ta wuce daga wajen tukunya zuwa wajen injin kaɗai. Ka ɗaure bakin biyu da kilif.

Ka bi da tiyo nesa da bututun salansa mai zafi, da fanka, da sandar totur. Kada ya karye a kwana. Kada kuma ka yanke shi cif-cif, gama injin yana motsi a kan mazauninsa, tiyon da ya miƙe tsam zai fizge. In bakin tsohon ne kaɗai ya tsage kana kan hanya, ka yanke wurin ka mayar, ya kai ka gida. Amma kada ka cusa ƙusa ko tsohon fulogi a tiyon birki ka ci gaba da ɗaukar mutane.

GARGAƊI GA DIREBOBI

Waɗansu direbobi suna kashe injin a gangara domin tsimin mai. Wanda ya fahimci darasin nan ya san haɗarin. Injin da ba ya aiki ba ya zuƙa. Abin da ya rage a tukunya bai wuce na taku biyu ko uku ba, daga nan sai birki ya sandare, ga kaya a baya, ga mutane a kan kaya. Fetur ɗin da aka tsimi bai kai rai ɗaya ba. Shugabannin ƙungiya su hana wannan ga duk wanda suka ba mabuɗi.

A duba tiyon nan duk lokacin da aka juye baƙin mai, da kuma ƙarshen bazara, bayan zafin Maris da Afrilu ya gasa roba.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Ina ne zuƙa ta fi ƙarfi, kuma me ya sa?
2. Faɗi tiyo uku, da mafarin kowanne da matuƙarsa.
3. Me ya sa ƙara silo ba magani ba ne?
4. A taronku na gaba, ku buɗe bonet ɗin motar ƙungiya, kowa ya nuna tiyon birki da yatsa, sa'an nan direba ya yi gwaji na 4 a gaban kowa.