Yadda Ake Gano Wuri a Doron Ƙasa da Lambobi Biyu

Kwatancen "bayan masallaci, daura da bishiyar kuka" ɗan gari kaɗai yake yi wa amfani. Matuƙin jirgin sama da ya nufi Kano cikin dare lambobi biyu yake buƙata: digiri 12 arewa, digiri 8 da rabi gabas. Karanta su kuwa ba wuya, in an bi sannu a hankali.

Da farko mai nema zai shimfiɗa taswira, arewa tana sama, ya nemo layin ikwaita da ya raba duniya gida biyu. Nan ne sifiri. Layukan da ke kwance kamarsa, wato latitud, su ke nuna nisan wuri zuwa arewa ko kudu, har digiri 90. Kowane digiri kimanin kilomita 111 ne, ke nan tsakanin Kano da ikwaita akwai wajen kilomita 1,330.

Sai kuma layukan tsaye, longitud. Sifirinsu ya bi ta Girinic a Landan, bisa matsayar taron Washinton na 1884, ya gangaro ta Aljeriya da Mali har ya faɗa teku a Tema ta Gana. Daga nan ake ƙirgawa gabas ko yamma, zuwa digiri 180.

Yanzu sai ya ɗora yatsa ɗaya a kan layin kwance, ɗaya a kan na tsaye, ya ja su har su haɗu. Mahaɗar ita ce wurin. Da yake digiri guda kan haɗiye garuruwa da dama, an kasa shi minti 60, kowane minti daƙiƙa 60. Daƙiƙa ɗaya ta latitud ba ta wuce mita 31 ba, ta isa a nuna rijiya ko kusurwar gona.

Abin kiyayewa shi ne jeri: latitud ake fara faɗa. Wanda ya juya lambobin Kano, a yankin Ganye na jihar Adamawa zai tsinci kansa.

Mai waya ya huta da awo. Ya buɗe Google Maps, ya danna wurin ya riƙe, lambobin za su fito. In ya ga alamar ɗebewa gaban ta farko, kudu ake nufi. Gaban ta biyu, yamma. Sai ya kwafe su yadda suke, ya tura wa mai zuwa.