Yadda Ake Kwana a Gadon Lilo Mai Gidan Sauro

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da sojojin Amurka a dazuzzukan Niu Gini fiye da yadda harsashi ya yi. Cikin kayan da aka raba musu har da wani gado na yadi da ake ratayawa tsakanin bishiya biyu, an ɗinke shi da gidan sauro da rufin tare ruwa. Shi kansa gadon lilon tsohon abu ne, domin Kolombus ya tarar da mutanen Taino na tsibiran Karibiyan suna kwana a cikinsa tun 1492. Na zamani da lailon ake yin sa, nauyinsa kilo ɗaya ne ko sama kaɗan, kuma kamfanoni irin su Hennessy da Warbonnet da ENO sun yi suna a kansa. Ga mai yawon daji, ko mai gadin gona da damina, yana raba mutum da laima da kunama da kiyashi. Sai dai gidan sauron ba ya tsinana komai idan ratayar ta karkace.

Aikin farko neman bishiya ne. Ana so a samu guda biyu masu rai, kaurin kowace bai gaza cinyar babban mutum ba, tazararsu mita 4 zuwa 5. Kafin a kwance jaka sai a ɗaga kai a duba sama: busasshen reshe, ko gidan rina, ko giginya mai nunannun 'ya'ya, kowanne ya isa a sauya wuri. Darbejiya da tsamiya suna riƙe nauyi. Gwanda da ayaba ba a ma fara su. A kuma nisanci bakin kududdufi da fadama, inda sauro ke ƙyanƙyasa.

Daga nan sai ɗauri. Maɗauri mai faɗi, aƙalla santimita biyu da rabi, shi ya dace, saboda siririyar igiya tana yanka ɓawon bishiya. Ana zagaya shi a jikin bishiyar daidai tsayin kan mutum, a saƙala ƙugiyar gadon. Ɓangaren ƙafa a ɗaga shi da kamar taƙi ɗaya fiye da na kai, don kada mai barci ya riƙa zamewa zuwa ƙasa cikin dare.

A nan ne yawancin sababbin hannu suke yin kuskure: sai su ja igiya ta miƙe ɗam, suna zaton haka gadon zai fi shimfiɗuwa. Masana sun tsaya a kan digiri 30 tsakanin maɗaurin da layin kwance, kuma lissafi yana bayansu. A wannan kusurwa, mutum mai kilo 70 yana ɗora wa kowane maɗauri kilo 70. Idan aka ja har ta koma digiri 5, nauyin da kowanne ke ji ya kai kusan kilo 400, kuma a haka ne ɗinki ke tsagewa ko ƙugiya ta buɗe. Auna kusurwar ba ya buƙatar na'ura. A miƙe manuniya a kwance, a ɗaga babban yatsa sama. Layin da ya haɗa kawunan yatsun biyu ya yi kusa da digiri 30. Idan an zauna a ciki, gadon ya kasance tsayin kujera daga ƙasa, wato kamar santimita 45.

Sai gidan sauron. Yawancin irin waɗannan gadaje suna da siririyar igiya daga kai zuwa ƙafa wadda take ɗage ragar sama, wasu kuma ana ɗaure musu ita daban, sama da gadon. Igiyar ta miƙe, amma ba har ta yi tauri ba. Idan ta ja ragar da ƙarfi, zif ne zai fara mutuwa da zarar mutum ya kwanta. In akwai ƙananan igiyoyi a gefe, a kafa su da turaku don ragar ta buɗe ta nisanci fuska. Zif ɗin kuwa a bar shi a rufe tun daga yamma, ba sai lokacin kwanciya ba. Sauron anofilis mai yaɗa maleriya da dare yake cizo, kuma guda ɗaya da aka rufe tare da mutum ya isa ya hana barci.

Shiga tana da tsari. A buɗe zif daidai yadda jiki zai wuce, a ware yadin da hannu biyu don a tabbatar ba a kan ragar za a zauna ba, a zauna a tsakiya, a cire takalmi, a ɗago ƙafafu, a rufe nan take. A haska tocila a kusurwoyi, a kashe duk sauron da ya biyo. Kwanciya kuma a karkace ake yi, kai a dama da tsakiya, ƙafa a hagu. Da haka bayan mutum yake shimfiɗuwa, ba ya lanƙwashewa kamar baka.

Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne raga sama kawai take tsarewa. Sauro yana iya soko bakinsa ta siririn yadin da ke manne da baya da kafaɗa, da duk inda gwiwa ko gwiwar hannu ta jingina da raga. Maganin shi ne gado mai ruɓi biyu, ko shimfiɗa siririyar katifar roba ko bargo a ciki. Wasu suna fesa wa yadin maganin famatirin, irin wanda ake jiƙa wasu gidajen sauro da shi. A yi feshin a fili, a bar shi ya bushe sarai, a kuma nisanta shi da kyanwa da ruwan kifi, domin yana yi musu illa.

Shimfiɗar tana da wani amfanin. Iska tana ratsawa ta ƙarƙashi, don haka da zafi ya sauka ƙasa da digiri 20 sai baya ya fara ɗaukar sanyi. Wanda zai kwana a tsaunin Mambila ko Jos da hunturu kada ya tafi ba tare da ita ba. Da damina kuma ana kafa tamfol sama da ragar, a ɗaura guntun zare a jikin kowane maɗauri don ruwan da ke gangarowa ya ɗiga ƙasa kafin ya iso gado.

Da safe a zazzage takalmi kafin a sa ƙafa. A duba ragar a hasken rana, a ɗinke duk hudar da aka gani tun tana ƙarama, a shanya gadon ya bushe kafin a naɗe. Wanda bai taɓa amfani da shi ba ya fara gwadawa a kusa da gida da rana, kada daren farko a daji ya zama ranar koyo.