Darasin Lafiya: Kumburin Cikin Ido

'Yan'uwa manoma, a wannan darasi za mu yi magana a kan ciwon da ke kama cikin ƙwayar ido. Yana iya makantar da mutum cikin kwana biyu ko uku. Mu manoma muna cikin haɗarinsa ƙwarai, musamman lokacin kaka.

Yadda za mu gane shi

Yawancinmu mun san ciwon Afolo, wanda aka fara ganinsa a Gana a 1969. Afolo yana kama bayan ido ne. Ido ya kan yi ja, ya yi ƙaiƙayi da kwantsa, amma mutum yana gani, kuma ya kan warke cikin mako ɗaya ko biyu. Kumburin cikin ido ba haka yake ba. Ga alamunsa:

1. Ciwo mai zurfi wanda ke ƙaruwa.
2. Gani yana raguwa da sauri.
3. Ido ya yi ja, fatar ido ta kumbura.
4. Mutum ba ya iya duban haske.
5. Wani lokaci a ga farar mugunya ta kwanta a ƙasan baƙin ido.

Abin da ke kawo shi

Ƙwayoyin cuta ne ke shiga cikin ido, ta hanya uku. Ta fari ita ce rauni: tsinken kara, ƙaya, ko ɓarɓashin ƙarfe da ya yi tsalle wajen gyaran fartanya a maƙera. Raunin da ya zo da ƙasa ko ciyawa ya fi haɗari. Ta biyu, bayan aikin ido, kamar cire yana, galibi cikin mako shida na fari. Haɗarin ya fi yawa in an kai tsoho wurin masu tura yana da allura a gida. Ta uku, cuta daga wani sashe na jiki ta biyo jini ta shiga ido. Masu ciwon suga da waɗanda jinya ta raunana su suka fi kamuwa ta wannan hanya.

Abin da za mu yi

In wani abu ya soki ido, kada a murza, kada a yi ƙoƙarin zare shi. A yanke gindin kofin roba mai tsabta, a rufe idon da shi yadda ba zai danne shi ba. Kada a sa nono, ko ruwan ganye, ko tozali, ko maganin ɗigawa da likita bai rubuta ba. A tafi asibiti a ranar, kada a bari a kwana. Sau da yawa sai likita ya yi allurar magani a cikin idon kansa, abin da ba a iya yi a kemis. Akwai Asibitin Ido na ECWA a Kano, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Ido baiwa ce daga wurin Allah, mu kuwa masu riƙon amana ne. Manomi ɗaya in ya makance, gida duka ne zai ji a jika.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Akwai kuɗin mota a asusunmu domin kai mai rauni asibiti a rana ɗaya?
2. Za mu iya sayen tabarau na kariya domin masu sussuka da maƙeranmu kafin kaka?
3. Wa za mu sa ya riƙa duba tsofaffinmu da aka yi wa aikin ido?