Amsar Tambaya: Harshuf ɗina ya cika lambu

Tambaya: Ina zaune a Iskandariya. Harshuf (wato artichoke) ɗin lambuna ya yi girma sosai, amma kawunansa ƙanana ne. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, cunkoso ne ya hana shi sakewa. Kowace shuka tana son tazarar mita 1 daga 'yar'uwarta. Duba gindinta, za ki ga 'ya'ya sun tsiro. Bar biyu ko uku masu ƙarfi, ki cire sauran ki dasa wani wuri. Ki zuba ruɓaɓɓen taki, ki riƙa ban ruwa sosai lokacin fitar kai, amma kada ruwa ya kwanta, saiwa ruɓewa take yi. Ki fara yanke babban kan tsakiya tun yana dunƙule. Da ya buɗe, ya yi tauri, ba ya ciwuwa.