Yadda Za Ka Gane Ɗabi'arka: Wuta, Iska, Ruwa ko Ƙasa

Raba halin mutane gida huɗu tsohon ilimi ne. Daga likitocin Girka irin su Jalinus ya taso, Ibn Sina (980-1037) ya tsara shi cikin littafinsa Al-Ƙanun, littattafan ɗibbu kuma suka kawo shi zaurukan malamanmu. Likitancin yau ya ajiye batun ruwayen jiki da aka gina shi a kansu, amma har yanzu rabon yana taimakon mai son sanin kansa.

Da farko ka san gidajen. Mai wuta, safarawi, yana da saurin fushi da saurin yanke shawara. Mai iska, damawi, ɗan raha ne, ga alkawari ga mantuwa. Mai ruwa, balgami, sanyi gare shi, ba ya son rigima. Mai ƙasa, saudawi, mai zurfin ciki ne da riƙo.

Na biyu, kada ka zaɓi wanda ya yi maka daɗi. Kowa wuta yake so, don tana kama da jarumta. Ka tuno ranar da abu ya ɓaci. Ka ce ka kai albasa Galmi, ka iske farashi ya faɗi warwas. Mai wuta zai ɗaga wa dillali murya, ya sayar don haushi. Mai iska ya mai da abin barkwanci wurin mai shayi. Mai ruwa ya zauna kan buhu, ya ce Allah ya kai mu gobe. Mai ƙasa kuwa ya koma gida shiru, dare ya raba yana lissafin kuɗin taki da na man injin ban-ruwa. Wanne ka saba yi? Rana ɗaya ba ta isa shaida ba, ka haɗa da ranar rabon gado da ta biki.

Sannan ka tambayi wanda ba ya jin nauyinka. Taubashi ya fi, don ƙaninka zai ce, "Yaya, ai ba ka da laifi."

Wannan awon hali daban yake da hisabin da ake yi da sunanka da na mahaifiyarka. A nan aikinka ake aunawa. Yawancin mutane ma gauraye ne, ɗaya dai ke rinjaye.

In ka gano naka, ka ɗauki gyara ɗaya tak. Mai wuta ya bar babban ciniki ya kwana. Mai iska ya rubuta alkawarinsa. Mai ruwa ya sa wa bashin da yake bi ranar tambaya, mai ƙasa kuma ya faɗi abin da ke cinsa kafin Juma'a ta zagayo.