Taswirar Sanƙarau

Kun saba ganin taswira a bangon ɗakin karatu. A cikinta kuna iya bin Kogin Haɗejiya da yatsa, tun daga ƙasar Kano har ya wuce garin Haɗejiya ya bazu cikin fadamun Nguru. To, akwai wata irin taswira kuma wadda likitoci ke zanawa. Ita sawun cuta take bi.

Yinta ba wuya. Duk gidan da aka sami wanda ya kamu, sai a ɗiga masa ɗigo a takarda, a rubuta ranar da ciwon ya soma. In ɗigon nan suka yi yawa, sai mai hankali ya dube su, ya tambayi kansa, me ya tara su a nan?

Cikin shekarar 1854 cutar amai da gudawa ta faɗa wa wata unguwa a birnin Landan, ta ƙasar Ingila. Mutanen zamanin nan sun ɗauka wari da mugunyar iska ke kawo ta. Wani likita, ana ce da shi John Snow, ya bi sawun gidajen mamatan, sai ya ga sun kewaye famfo guda inda ake ɗiban ruwan sha. Ya sa aka cire hannun famfon, daga baya ya zana gidajen nan a taswira. Ashe laifin ruwa ne.

Amma akwai cutar da iska ke da hannu a cikinta da gaske, kuma mu nan mun san ta sarai, watau sanƙarau. A 1963 wani likita Bafaranshe mai suna Lapeyssonnie ya tattara labarin inda annobarta ta saba aukuwa, ya sa a taswira. Sai ga ta ta fito kamar ɗamara a ƙugun Afirka, a kudancin Hamada. Yau an san ɗamarar nan ta miƙe tun daga Sanagal har Habasha, ƙasar Haɗejiya kuwa tana cikinta. Abin lura kuma, cutar ta san lokacinta. Takan soma da hunturu, ta tsananta da bazara, da ruwan fari ya sauka sai ta lafa.

Me ya sa haka? Ƙwayar cutar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ido ba ya ganinta. Takan zauna a maƙogwaron mutum yana yawonsa lafiya lau, ya ba wani ta wurin tari ko atishawa. Cikin hanci da maƙogwaro akwai wata fata mai laushi da danshi, ita ce kamar dangar da ke tare ƙwayar kada ta shiga jini. Idan iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙura daga Hamada, musamman daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Cadi, sai hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, hanci ya bushe. Dangar nan ta sami kafa ke nan. Ƙwayar ta kutsa cikin jini, ta kai ga rigar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa.

Mutumin birni wahalarsa biyu ce. Bayan ƙurar da Allah Ya aiko, ga wadda muke tayarwa da kanmu. Ga hayaƙin itacen girki, ga na babura da janareta, ga na shara da ledojin da ake cinna wa wuta a bakin lungu. Hayaƙi yakan ƙona maƙogwaro kamar yadda ƙura ke yi. Sa'an nan in sanyi ya matsa, mutum goma su kwana ɗaki guda, a toshe taga da tsumma, wani har ya shigo da kaskon wuta. Ɗumi kam an samu, amma a ganina an saye shi da tsada.

A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, galibinsu a Arewa. Daga Oktoba 2022 zuwa Afrilu 2023 kuma, cikin kowane mutum huɗu da aka zaci sun kamu a ƙasar nan, kusan uku 'yan Jihar Jigawa ne. A lokacin cutar tana ci a Damagaram, ƙetaren iyaka, domin ƙwaya ba ta neman izinin shiga ƙasa. Taswira ita ta nuna wa ma'aikatan lafiya inda za su fara kai allurar rigakafi. A watan Maris na 2024 Nijeriya ta riga kowace ƙasa a duniya yin amfani da wata sabuwar allura mai tare iri biyar na ƙwayar, Jigawa kuwa na cikin jihohin da aka fara da su.

In kuka ga yaro da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare ba ya iya sunkuyawa, ku gaya wa manya a kai shi asibiti a ranar, kada a jira wayewar gari. Jariri kuwa maɗigarsa takan kumbura.

Yanzu kowa ya ɗauki takarda ya zana unguwarsu. Ku sa alamar rijiya ko famfo, da juji, da duk inda hayaƙi ke tashi da yamma. Ku kawo wa malaminku ya duba.