Inshorar rai: mu san abin da muke sa wa hannu

 Ya ƴan uwa Musulmi, tambaya ta yawaita a masallatanmu game da inshorar rai, wadda muka fi sani da asiransi. Da yawa daga ma'aikatanmu sun fara gamuwa da ita ne ranar da suka tafi banki neman bashi.

Asalinta yarjejeniya ce. Mutum yana zuba wa kamfani kuɗi ƙayyadaddu duk wata, kamfani kuma ya ɗauki alkawarin biyan wani adadi ga wanda aka rubuta sunansa idan mai zubin ya rasu. Akwai ta wa'adi, wadda idan shekarun suka cika mutum yana raye ba a mayar masa da kome. Akwai ta ajiya, wadda ake ba shi kuɗinsa da ƙari. Ta banki kuwa, sauran bashin mamaci take biya. A Nijar, dokar CIMA, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ita ke tafiyar da wannan sha'ani. A cikinta, wanda ya ɓoye ciwonsa da gangan ya ɓata yarjejeniyar, iyalinsa ba za su samu adadin da aka yi alkawari ba.

Game da hukunci, majalisar fiƙihu da ta zauna Jidda a 1985 ta haramta inshorar kasuwanci saboda garari mai yawa: mai zubi bai san nawa zai biya ba, bai san ko za a biya shi ba. Malamai suna ƙara ambaton riba, domin kamfani yana juya kuɗin da ruwa. Shehu Mustafa Zarƙa na Sham ya halatta ta idan babu riba, amma jumhuru sun saɓa masa. Majalisar ta yarda da ta taimakon juna, watau takaful, wadda aka fara a Sudan a 1979. A nan zubin kyauta ne, asusun na masu zubi ne, kamfani wakili ne da ake biyansa ladan aikinsa.

Abin da ya fi damunmu shi ne gado. Kamfani yana miƙa kuɗin ga mai sunan da ke takarda kawai. Idan mai mata biyu ya rubuta amarya ya bar uwargida da ƴaƴanta, ya kunna wutar da ba zai kasance nan ya kashe ba. Shari'a ba ta yarda da wasiyya ga magaji ba, ga wanda ba magaji ba kuma ba ta wuce sulusi.

Saboda haka kada mu sa hannu sai an karanta mana takardar an fassara, mun kuma tambayi malami. Wanda ya riga ya shiga, ya sanar da iyalinsa, ya kafa shaidu biyu cewa abin da ya halatta na kuɗin a raba shi rabon gado. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya rufa asirin marayunmu. Allah ne Mafi sani.